Amsa Kafin Gaisuwa

Kwanakin baya wasu matasa suka shigo shagona da ke bayan tashar mota a Talata Mafara, wai in koya musu aikin shafin intanet. Da na ce za mu fara da shafin tambayoyi da amsoshi, sai wata 'yar gayu a cikinsu ta taɓe baki. Ta ce ai wannan ba aiki ba ne, waya ma tana yi: ka ce mata ta kawo tambayoyi a kan shinkafa, kafin ka ƙifta ido ta jero su reras har da amsoshinsu. Na ce madalla, Allah ya ƙara wa waya basira. Amma ku kifa wayoyin nan a cinya tukuna, ku ji yadda na ci abinci da sana'ar nan har furfura ta cim mini.

Sunana Asabe, amma a garin nan Asabe Tafireta aka sani, ko da yake rabona da tafireta tun ba a haifi wasunku ba. A hannun Malam Garba Akawu na koyi aiki, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da sakatariya, inda yake buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Mutum ne mai faɗan tsiya. Watannina na farko ko injin bai bari na taɓa ba. Aikina in zauna gefe in saurari abin da mai takarda yake faɗa, in ya tafi in maimaita. Da na ɗan ƙawata maganar sai ya daka mini tsawa: "Asabe, wa yas sa ki? Kada ki gyara ma mutum bakinai. Abin da yac ce, shi za ki bugawa." Daga baya kwamfuta ta shigo ta kori tafireta, na tafi Gusau na yi kwas, na dawo na buɗe shago, har na kai ga gina wa 'yan kasuwa shafuka. Kayan aikina yau ba su da yawa: kwamfutar cinya da ta tsage a kusurwa na naɗe ta da salatif, batirin sola saboda halin wutarmu, waya, sai kuma kunnen nan da Malam Garba ya buɗe mini da tsawa.

Ga yadda abin yake. Mutum yana zaune a Kaduna ko Legas yana neman wani abu, sai ya buga tambayarsa a injin bincike kamar yadda zai yi ta da baki. Injin ya zagaya shafuka yana neman wanda ya ɗauki wannan tambayar ya amsa ta sarai. In naka ne ya ɗora ka a sama, mutumin ya shigo. In ba naka ba ne ya kai shi wurin wani, kai ko labari ba za ka ji ba. Shi ya sa nake ware kowace tambaya in yi mata kanu nata, da kalmomin da mutane suke bugawa, in sa wata alama a bayan shafin mai gaya wa injin cewa nan tambaya ce, nan kuma amsa. Ba na lafta hotuna masu nauyi, don mai raunin sabis ba zai tsaya jiranka ba. Duk wannan ba zai ba ku wahala ba, kun fi ni saurin hannu. Inda za ku sha wuya shi ne gano tambayar da za a rubuta.

Na tuna wani mai sayar da shinkafa 'yar gida a Bakura, ta noman rani. Ya zo mini da tambayoyinsa ya shirya su tsaf tun daga gida. Ta farko: me ya sa shinkafarmu ta fi ta kowa? Na ce masa, tsakani da Allah, tun da kake sayar da shinkafa wa ya taɓa yi maka wannan tambayar? Ya sosa ƙeya. Ranar kasuwa na ɗauki kujerata na je na zauna a bakin rumfarsa tun hantsi har la'asar, ina cin gyaɗa ina kasa kunne. Mata suna zuwa suna damƙar shinkafa suna tambaya: akwai tsakuwa? Ta bana ce ko ta bara? Tana auki? Ta tuwo ce ko za ta yi dafa-duka? Waɗannan na kwashe na kai shafinsa, yadda suka fito daga bakin masu su. Ta tsakuwar nan ita ta fi jawo masa mutane, shi da ya so in cire ta wai za ta ɓata masa suna.

Amma aikin da ya fi zama mini a rai shi ne na Alhaji Ɗanjumma mai kilishi. Gidan fawa ne tun kaka da kakanni. In ka shiga filin bayan gidan da rani, gadajen kara ne jere, an shimfiɗa musu nama falle-falle, 'ya'yansa da 'ya'yan ƙannensa suna ta aiki: wannan yana fere cinya siriri har kana hango hannunsa ta ciki, wancan yana dama labu, wato haɗin tunkuza da kayan yajin da ake tsoma naman, wani yana gashi. Direbobin tasha ke ɗaukar kwalayen su kai birane. Alhaji sa'an mahaifina ne, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata. Ban taɓa fita gidan hannu rabbana ba.

Rigimarmu ta farko a kan gaisuwa ce. Na kunna waya ina ɗaukar muryarsa, na ce, Baba, mutane suna tambaya ko kilishi yana daɗewa bai lalace ba. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya fara: "Salamu alaikum. Muna gaisuwa da fatan an tashi lahiya. Ya iyali? Ya ƙoƙari? Ya kasuwa? Ya muka ji da zahi?" Sai da ya gaida mai tambaya da iyayensa da maƙwabtansa kafin ya zo kan kilishi. Na ce masa injin nan layin farko kawai yake nuna wa mutum a ƙasan sunan shafi, don haka amsa ce ya kamata ta zo gaba.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Baƙo shi yi sallama gidana, in tare shi da amsa kamar ɗan sanda? Ba a yi min wagga tarbiyya ba, ɗiyata."

Mai shafi shi ke da shafinsa, na buga yadda yake so. Bayan wani lokaci na dawo na buga tambayar a gabansa, na miƙa masa wayar. Ga shafin wani mai kilishi na wani gari a sama, ya faɗi amsa kai tsaye. Can ƙasa ga namu: ya iyali, ya ƙoƙari, ya kasuwa, sai ɗigo-ɗigo. Alhaji ya kalla ya kalla, sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "Ashe mutum na can yunwa na cinai, ni ina tambayar lahiyar kakatai." Nan muka yi sulhu: amsa a gaba, gaisuwa a ƙarshen kowace amsa, kada a bar ko ɗaya ba gaisuwa. Tun daga ranar ya sa mini suna mai yanke gaisuwa. Shafin kuwa ya hau, waya ta riƙa ruri daga garuruwan da ko sunansu bai taɓa ji ba.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, ba sai na tsaya ba ku labarinta ba. Aka yi ta kore wa mutane shanu, hanya ta zama abin tsoro, kasuwannin dabbobi suka tsaya, sabis ya ɗauke. Ni kaina sai na shiga mota na tafi inda ake samun sabis kafin in taɓa shafin kowa, wasu ma na haƙura da su. Da abubuwa suka ɗan lafa, mai shinkafa ya farfaɗo, masu yadi suka farfaɗo, amma wayar gidan Alhaji ta yi tsit. Gadajen kara suka koma wurin kwanan kaji. Babban ɗansa ya haɗa jaka zai tafi kudu neman aiki, sauran ma ido suke sa masa su bi shi. Alhaji ya ce in har azumi ya wuce a haka, zai sa a tattara gadajen a yi makamashi da su, sana'ar gidan ta ƙare a hannunsa.

A nan zamana mace ya yi mini rana, don ni har ƙuryar ɗaki nake shiga. Wayar ciniki a hannun Hajiya Kulu take, matar Alhaji, ita ke amsa masu saye. Na same ta tana tsince wake, na ce, Inna, mutanen da suka daina saye, me suke cewa? Ta leƙa waje, ta saki labule, ta kunna mini saƙonnin murya. Wani ya yi ta kwana-kwana, don Allah Hajiya kada ki ji haushi, naman nan daga ina kuke samo shi? Wata kuwa ba ta ɓoye ba, ta ce ita tana jin tsoron Allah, ba na shanun sata ba ne? Da na koma shago na duba kalmomin da mutane ke bugawa game da kilishin yankinmu, sai ga maganar nan tana ta maimaituwa. Babu mai kilishi ko ɗaya da ya amsa ta, injin sai ya riƙa kai mutane wurin masu ji-ta-ji-ta. Na tambayi Inna Kulu ko Baba ya sani. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni in gaya mai? Ki ruhwa min asiri, hawan jini garai."

Washegari da hantsi na same shi yana wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, irin wadda yake so, sannan na faɗa masa. Na ce tambayar nan ce ta tsare ƙofa, kuma ina son in rubuta ta ɓaro-ɓaro a shafinsa, shi kuma ya amsa.

Ya ajiye wuƙar a hankali. "Asabe." Ranar bai ce ɗiyata ba. "Kakana ya yi hwawa garinga, ubana ya yi. Ba a taɓa biyo sawun saniya zuwa ƙohwar gidanga ba. Yau ni da hannuna in aza kalmar sata kusa ga sunan ubana? Wa yat tare ni yac ce min ɓarawo, balle in kare kaina? In haka aikin naki yake, ki share shahin baki ɗai."

Ku da kuka tashi da waya a hannu ba lalle ku gane ba. A wurin dattijo irinsa, mai mutunci ba ya amsa zargin da ba a faɗa masa a ido ba. In ya amsa, gani yake ya ɗauki zargin ya rataya wa kansa. Na san da gaske yake, kuma na san in na matsa zan rasa shafin da mai shafin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin maganin ga shi a hannu amma an ƙi sha. Na tashi na kama hanya. Har na kai zaure ya aiko mini da ɗan guntun kilishin da ya rage a takarda, don fushi bai taɓa hana shi kyauta ba.

Ranar Talata na koma ɗaukar hoton tukunyar labu, don dai kada zumunci ya yanke. Na tarar ya yi baƙo, Malam Sambo, wani Bafulatani daga wajen Gidan Goga ta ƙasar Maradun. Tun zamanin iyayensu gidan su Sambo ke sayar wa gidan Alhaji shanu. A shekarar nan aka kore masa garke kaf, ya dawo ƙauyen Garbadu wurin 'yan'uwa yana ɗan noma. Inna Kulu ta aiko da tuwo da miyar kuka da tsoka a kai, suna ci suna taɗi. Da Alhaji ya gan ni sai ya nuna ni da haɓa.

"Sambo, ji abin da yarinyag ga taz zo min da shi. Wai in rubuta ma duniya cewa namana ba na sata ba na. Kai da kas san ni, ka ji wulaƙanci."

Jira yake Sambo ya taya shi faɗa. Sambo kuwa ya ɗauki tsokar nan yana juya ta a hannu. Can ya ce, "Alhaji, ka san tun randa anka kore min dabbobi ban sa nama baki ba in ba gidanga ba? Ko ɗazu na tsaya gaban mai tsire cikin kasuwa, ƙamshi na kirana. Sai zuciyata tac ce, Sambo, halan jar saniyarka ta, mai karyayyen ƙaho, wadda ɗiyanka sunka sha nononta. Sai niw wuce." Ya sa tsokar a baki ya tauna a hankali. "Nan ina ci, don na san ka, na san ubanka. To wanda ke Legas hwa? Ina yas san ka? Shi tambayi wa?"

Kaji na ta kuka a ƙarƙashin gadajen. Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon tuwo. Ni dai na ƙame da waya a hannu, ko motsi ban yi ba, don na san in na sa baki na ɓata. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ɗiyata, kunna abin naki."

Na kunna. Na karanta masa tambayar yadda mutane suke buga ta, ban sassauta ko kalma ɗaya ba: kilishin nan ba na shanun sata ba ne? Bai gyara hula ba, bai yi sallama ba.

"A'a. Ba mu yanka saniyar da ba mu san mai ita ba."

Daga nan ya zayyana yadda gidansu ke saye tun zamanin kakansa. A kara suke saye, wato kasuwar shanu, da rana tsaka, ta hannun dillalin da aka san gidansa. Sai mai dabba yana tsaye, ko wanda zai tsaya masa. Ana duba shaidar da ke kunnen saniya a tambayi ta wane gida ce. In aka karyar da ita da arahar da ta wuce hankali, barinta suke yi. A mayanka ake yankawa a gaban jama'a. Makon da ba a sami dabbar da aka san asalinta ba, ba a yin kilishi a gidan, ko da masu saye sun yi layi. Wanda yake so ya zo ya gani, ƙofa a buɗe take. Na buga shi yadda ya faɗa, na yi kuma na Turanci saboda mutanen kudu, na ɗora tambayar a saman duk sauran.

Injin bincike ba ya gaggawa, wannan ma ku sani tun yanzu, kada ku yi wa mai shafi alkawarin gobe. Muka shiga azumi shiru. Kullum in buga tambayar in duba, kullum masu ji-ta-ji-ta ne a sama. Inna Kulu ta riƙa aiko mini da kunu da buɗa baki, ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Sai wata safiya na buga, ga mu. A ƙasan sunan shafin layi ɗaya ne ya fito, wancan na farko da ya faɗa, da a'a ɗinsa. Waya ta fara ruri kaɗan-kaɗan. Ba zan ce muku ciniki ya koma kamar da ba, ƙarya ke nan, har yau bai koma ba. Amma kafin sallah an kori kaji daga gadajen an shimfiɗa nama, babban ɗan kuma ya kwance jakarsa ya koma fere cinya. Ke mai taɓe baki, je ki tambayi wayar taki ko za ta shiga ɗakin Inna Kulu ta saki labule.

Bayan sallah sai ga Alhaji a shagona da kansa, shi da bai taɓa tako wurin ba. Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, ya sha ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya ce, "Mai yanke gaisuwa, kin ci amana. Mun yi da ke kowace amsa da gaisuwa ƙarshenta. Waccan babba kin bar ta tsirara."

Gaskiyarsa ce, ranar bai faɗa ba, ni ma ban tuna ba. Na buɗe kwamfuta na gyara zama, ina jiran ya iyali ya kasuwa har zuwa kakanni. Ya murza carbi, sannan ya ce in rubuta: "Kai da kab bugo tambayag ga, in an taɓa kore maka dabba, muna yi maka jaje. Allah shi mayar maka da alheri, shi ba mu lahiya ƙasarmu."

Na jira ko akwai saura. Ya ce shi ke nan. Na buga yadda ya faɗa, ban gyara masa baki ba. Tana nan a shafin har yau, a ƙarshen amsar. Inna Kulu ta ce mini akwai masu bugo waya ba don su sayi komai ba. Su yi sallama, su ce amin, su kashe.